Akwati mai lamba 13: amsata ga ɗan ƙanwata da 'yan fadarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni fili a jaridar nan ko da za a raba wasiƙar gida biyu, don maganar ta kwana huɗu tana ci mini rai kuma na ga in ban rubuta ba ba zan samu barci ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na biya ta fadar su ɗan ƙanwata nan kusa da kasuwar Dole, na tarar ana ta gardama har shayi ya huce ba wanda ya kula. Yaron ya gama jami'a, yana da karatu kuma yana da ladabi, wannan ban raina masa ba. Sai ya miƙo mini wayarsa ya ce Kawu duba hoton nan. Tsohon hoto ne baƙi da fari, wasu maza sun kewaye mota suna murmushi, bisa murfin injin an ɗora wani akwatin kwano mai lamba 13. Ya ce Kawu ka gani ko, wannan a Amurka ne, da akwatin nan aka saci kujerar sanata a 1948, wanda aka yi satar dominsa kuma shi ne ya zo ya zama shugaban ƙasa ya ba baƙaƙen fata 'yancin zaɓe. To ku tsofaffi ku daina damunmu da maganar maguɗi, kowa yana yi, abin da ya kamata a duba shi ne in mutum ya hau mi ya yi wa talaka. Abokansa duk suka ce wallahi gaskiya ne. Ni kuwa na ce Allah ya yi muku albarka na wuce, don raina ya ɓaci sosai kuma ban so in yi masa faɗa gaban abokansa.

Labarin da ya bayar ba ƙarya ba ne, na san shi tun ina koyar da tarihi a kwaleji. Amma rabinsa ya ɗauka, ya bar rabin da ya fi nauyi.

Mu nan Nijar ba mu saba da sanata ba. Kundin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama a watan Ogusta na 2009 lokacin Tazarce ya rubuta majalisar dattawa a takarda, kafin a kafa ta soja suka zo a Fabrairun 2010 magana ta mutu. Maƙwabtanmu na Najeriya kowace jiha sanata uku ne kuma kowane da yankinsa. A Amurka ba haka ba ne, kowace jiha sanata biyu take da shi, babba ce ko ƙarama, kowane ya yi shekara shida, kuma jihar ce gaba ɗaya take zaɓensa ba wani ɓangare nata ba. Da can ma 'yan majalisar jiha ne ke naɗa su, sai a 1913 aka gyara kundi aka mai da abin hannun jama'a. To jihar da muke magana a kanta Teksas ce, wadda faɗinta ya fi rabin Nijar, ta ninka jihar Damagaram fiye da sau huɗu. Ka ga mai neman sanata a can kusan kamar mai neman shugabancin ƙasa ne.

A zamanin pati ɗaya ke cin zaɓe a Teksas, wato Dimokurat. Akwai 'yan Rifablikan amma ba su da ƙarfi, saboda haka zaɓen fid da gwani na cikin pati shi ne zaɓen gaske, wanda ya ci shi ya gama, na watan Nuwamba cika sharaɗi ne kawai. Manyan 'yan takara biyu ne. Akwai Coke Stevenson, makiyayi mai garken shanu da tumaki wanda ya yi gwamnan jihar daga 1941 zuwa 1947, mutum mai sanyin magana da jama'a suka saba da shi. Sai Lyndon Johnson, ɗan majalisar wakilai tun 1937, mai zafin nema wanda ba ya zama wuri ɗaya. Shi Johnson ya taɓa neman kujerar nan a 1941 ya faɗi da ƙuri'a 1,311 kacal, kuma yadda ya faɗi ɗin shi ne tushen komi. Mutanensa sun yi gaggawar fitar da lambobin yankunan da ke hannunsu tun daren zaɓe, abokan hamayya suka ga nawa suke buƙata, washegari sakamako ya yi ta fitowa daga ƙauyuka har aka wuce shi. Darasin da ya ɗauka daga nan ba wai a gyara zaɓe ba ne, a'a, darasin shi ne kada ka faɗi lambarka sai ɗan'uwanka ya faɗi tasa. Duk wanda ya taɓa zama a wurin tattara sakamako a ƙasar nan ya san wannan wasa, an san garuruwan da sakamakonsu kullum shi ke zuwa ƙarshe.

A 1948 Johnson ya saki kujerarsa ta wakilai ya shiga takarar da duk abin da yake da shi. Ya ɗauko jirgi mai saukar ungulu, abin da yawancin mutanen karkara ba su taɓa gani ba, yana sauka gari gari yana magana da lasifika tun daga sama, wani lokaci ya jefo hularsa cikin taro. Duk da haka a zagayen farko ranar 24 ga Yuli Stevenson ya ba shi ratar ƙuri'a sama da 70,000, sai dai bai kai rabi ba, aka tafi zagaye na biyu ranar 28 ga Ogusta, kwana ɗaya bayan Johnson ya cika shekara 40.

Nan ina so in tsaya kaɗan, don kada a ce duk wanda ya zo na biyu a zagayen farko ya ci na biyu sata ya yi. Mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin ba haka ba ne. A 1993 Mahamane Ousmane na biyu ya zo a zagayen farko bayan Tandja Mamadou, patittikan ƙawance suka mara masa baya, ranar 27 ga Maris ya ci da kashi 54 cikin ɗari, Tandja kuma ya karɓi sakamako. Ina garin nan a ranar, na ga mutane sun cika titi tun daga Birni har Zango. Wucewa daga baya halal ne in ƙuri'ar mutane ce ta wuce da kai.

A Teksas abin da ya faru daban ne. An yi kwanaki ana lissafi, yau wannan ke gaba gobe wancan, gundumomi suna ta aiko da abin da suke kira gyaran kuskure, har dai aka tsaya Stevenson na gaba da ƙuri'a ɗari da 'yan kai. Sai ranar 3 ga Satumba, kwana shida cur bayan an rufe rumfuna, gundumar Jim Wells da ke kudu ta ce ita ma tana da gyara a akwati mai lamba 13 na garin Alice. Inda aka rubuta wa Johnson 765 sai ga shi ya koma 965. Bakwai ce aka rufe wa kai ta zama tara, aikin da bik zai yi cikin ƙiftawar ido. Aka ƙara sunaye 202 a ƙarshen listi, 200 na Johnson 2 na Stevenson. Sakamakon ƙarshe na jihar duka ya zama Johnson 494,191, Stevenson 494,104. Ƙuri'a 87 tsakani, cikin kusan miliyan ɗaya. Mutum 87 ajin lakwal ɗaya ne a wasu unguwanninmu.

Wa ke da kudancin Teksas a lokacin? Wani mutum ne George Parr, uban gidan siyasar gundumar Duval da kewayenta, har sarauta ake kiransa da ita. Yawancin mutanen yankin talakawa ne 'yan asalin Meziko, 'yan ƙodago a gonaki da garake, da yawansu ba su jin Ingilishi. A Teksas ta wancan zamani sai ka biya wani haraji kafin a ba ka damar zaɓe, to mutanen Parr su ke biya wa talakawa, su riƙe takardun, ranar zaɓe a kwaso su a mota a kai su rumfa ga 'yan bindiga tsaye a ƙofa. In matarka ba ta da lafiya wurinsa za ka je, in an yi maka rasuwa wurinsa, in ɗanka na neman aiki wurinsa, shi kuma abu ɗaya yake so a hannunka. A gundumar Duval a zagayen nan Johnson ya samu 4,622, Stevenson 40. Kuma abin da ɗan ƙanwata bai karanta ba shi ne, a zaɓuɓɓukan gwamna da suka gabata irin wannan lambobi Stevenson ne Parr yake ba wa, kuma bai taɓa cewa a mayar ba. Sai da suka ɓata da juna sannan akwatin ya juya. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Don haka kada wani ya ɗauka na zo yi wa Stevenson kuka ne, mutum ne ma da bai yarda baƙar fata daidai yake da shi ba, ba ni da wani dalilin son sa.

Waɗanda nake yi wa kuka su ne mutum 202 ɗin nan.

Stevenson ya tafi Alice da lauyoyinsa, tare da wani tsohon jami'in tsaro da ake shakka a jihar mai suna Frank Hamer. Listin masu zaɓen yana kulle a banki, bankin kuma na su Parr ne. Aka bar lauyoyin suka duba na ɗan lokaci amma aka hana su kwafa. Abin da suka gani shi ne sunayen ƙarshen nan tawadarsu daban da ta sauran, hannu ɗaya ne ya rubuta su, kuma sun zo a jere bisa tsarin abacada, kamar a ce mutane sun tsaya a layi suna tambayar juna da wane harafi sunanka ya fara. Suka haddace 'yan sunayen da suka iya suka bi mutanen gida gida. Wannan ya ce ni ban yi zaɓe ba ranar, wancan ya ce ni ba na ma garin. Mutumin da sunansa ya zo daf kafin nasu ya ce shi ya jefa tasa ana shirin rufe rumfa. Ka duba fa, mutanen nan suna gidajensu ko suna wurin neman abincinsu, wani ya zauna ya ɗauki sunan da iyayensu suka raɗa musu ya rubuta cewa sun zo, sun zaɓa, kuma ga wanda suka zaɓa. An yi shaidar zur da bakinsu ba su sani ba.

Daga nan sai shari'a. Kwamitin patin na jiha ya zauna a birnin Fort Worth ya tabbatar da Johnson da ƙuri'a 29 a kan 28. Stevenson ya kai ƙara kotun tarayya, alƙali Davidson ya hana a sa sunan Johnson a takardar zaɓen Nuwamba ya tura a yi bincike a Alice. Lauyan Johnson, Abe Fortas, ya yi dabarar kai maganar da sauri gaban alƙalin kotun ƙoli Hugo Black, shi kuma a ƙarshen Satumba ya ce kotun tarayya ba ta da hurumin shiga zaɓen cikin jiha. Umurnin ya iso ana cikin buɗe akwatuna a gaban mai bincike, aka tsaya cak. Listin nan kuwa da lauyoyi suka gani da idonsu ya ɓace. Ba wata kotu da ta ce ƙuri'un na gaskiya ne, cewa kawai aka yi ba nan ne wurin tambaya ba, lokaci kuma ya ƙure. Johnson ya kada ɗan Rifablikan a Nuwamba ya shiga majalisar dattawa a Janairun 1949, abokan aikinsa suna tsokanarsa da mai gagarumin rinjaye saboda 87 ɗin nan, shi kuma har ya bar duniya bai amsa cewa da hannunsa a ciki ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne amma wani lokaci sai an daɗe ana tafiya cikinsa. Sai a 1977, shekara 29 bayan abin, shugaban rumfar nan mai lamba 13, Luis Salas, ya gaya wa ɗan jarida cewa ƙuri'un na ƙarya ne, Parr ne ya ba da umurni shi kuma ya sa hannu. A lokacin Johnson ya rasu tun 1973, Stevenson da Parr duk sun rasu a 1975. Gaskiya ta fito ba wanda za ta amfana.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato cewa tunda Johnson ya yi alheri daga baya to satar ta halatta. Ban musa alherin ba ko kaɗan. Ya zama shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa a 1955, ya zama mataimakin shugaban ƙasa Kennedy a 1961, da aka harbe Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamban 1963 ya hau mulki. Shi ya sa hannu a dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da ta haramta wariyar launi a wuraren jama'a, shi ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ta Ogustan 1965 bayan dukan da aka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a garin Selma, kuma a jawabinsa gaban majalisa ya tuna da yaran Meziko matalauta da ya koyar a garin Cotulla yana saurayi, ya ce bai manta da yunwar da ya gani a fuskokinsu ba. Ni malamin makaranta ne, wannan magana tana taɓa ni. Amma ɗana, in za ka yi lissafi ka yi shi duka. Mutumin nan dai shi ne ya zurfafa yaƙin Biyetnam har sojan Amurka a can suka wuce 500,000 a 1968, aka yi ta ruwan bama-bamai kan manoman shinkafa waɗanda ba su san inda Teksas take ba. In akwati mai lamba 13 ne ya haifi dokar 1965 to shi ne kuma ya haifi wannan, ba za ka ɗauki ɗa ɗaya ka ce ɗayan ba na gidan ba ne. Sannan Johnson ɗin da ya shiga majalisa a 1949 ba mai kare baƙaƙen fata ba ne, shekaru ya yi yana jefa ƙuri'ar ƙin duk wata dokar kare haƙƙinsu har zuwa 1957. Wanda ya mai da bakwai tara a Alice ba don tausayin baƙar fata ya yi ba, uban gidansa ya ce ya yi. Kuma dokar 1965 ba kyauta ce ta faɗo daga hannun mutum ɗaya ba, mutane ne suka sha kulki da kurkuku, wasu suka rasa rayukansu, suna neman abu ɗaya, a bar sunansu ya shiga listi kuma ƙuri'arsu ta zama tasu. Abin da aka ƙwace wa mutanen Alice ke nan daidai. Ta yaya za ka kafa hujja da waɗannan don ka halatta abin da aka yi wa waɗancan?

Kuma kowane ɓarawon akwati a duniya abin da yake gaya wa kansa ke nan, namu ya fi nasu alheri, in muka bari suka ci ƙasa za ta lalace. Ban taɓa jin wanda ya ce na sata ne don ɗan takarata mugu ne ba. Mu musulmi an karantar da mu cewa Allah mai tsarki ne ba ya karɓar sai mai tsarki, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ban ga inda aka cire ranar zaɓe daga ciki ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Yulin 1996, ranakun 7 da 8, ana cikin zaɓen shugaban ƙasa aka rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta aka kafa wata, aka tsare sauran 'yan takara huɗu a gidajensu, aka ce Janar Ibrahim Baré ya ci tun zagayen farko da kashi 52. Waɗanda suka kai shekaruna sun san abin da garin nan ya shiga a kwanakin, sun kuma san ƙasar ba ta samu natsuwa ba har aka kashe shi Barén a Afrilun 1999, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na 2021 ma da 'yan takarar zagaye na biyu duka jihar nan ce tushen siyasarsu, har yau in ka tada maganar a fada murya sai ta tashi, akwai 'yan uwan da suka yi wata da watanni ba su gaisa ba. Ba na zo in yanke hukunci a kansa ba ne. Abin da nake cewa, zaɓen da rabin mutane ba su yarda da lissafinsa ba ciwo ne da ba ya warkewa da rantsar da shugaba. Kuma ba zan ce patin da na bi waliyyai ne ba, inda muke da ƙarfi mu ma an yi abin da aka yi.

Na san haka ne don na gani, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya hana ni barci. Wata shekara ina koyarwa a wani ƙauye aka sa ni sakataren biron zaɓe kamar yadda ake sa malaman makaranta. Lokacin rani ne, mazan garin rabi sun tafi cin rani, wasu Kano wasu Agadas wasu har Libiya, amma sunayensu duk suna listi, har da na mutanen da ni da kaina na je jana'izarsu. Da azahar aka tafi salla da cin abinci bi da bi, na dawo na ga layukan da na bari fari an dangwale su. Na gani sarai. Na dubi shugaban biro ya kau da kai, na dubi wakilan pati ba wanda ya ce uffan, wakilin ɗayan ɓangaren ma yaro ne ɗan garin da ba zai iya ɗaga ido gaban manyansa ba, ni kuma baƙo ne, gidan da nake kwana da ruwan da nake sha duk na mutanen garin ne. Na yi shiru. Can dab da rufewa sai ga wata tsohuwa ta zo daga wata ruga mai nisa, da ƙafa, takalmanta a hannu, ta kwance katinta daga bakin zane ta miƙo mini. Na bi listi da yatsa na samu sunanta, an riga an dangwala. Na ce Inna ai an rubuta kin yi zaɓe. Ta ce Mushe yanzu na iso, ta nuna mini yatsunta goma ba ɗigon tawada. Shugaban biro ya ce Inna ki yi haƙuri an yi miki, wanda za ki zaɓa shi aka zaɓa miki. Ta yi shiru ta dube mu ɗaya bayan ɗaya sannan ta ce, to ni da na taso tun hantsi wace ce?

Ba wanda ya amsa mata. Da dare muka ƙirga a hasken fitila, na cika takardar sakamako da hannuna na sa hannu a ƙasa. Ɗan takarar da na fi so shi ya ci a biron nan, da ma ko ba a dangwala wa kowa ba shi zai ci, kuma wallahi wannan bai taɓa rage mini nauyin abin ba ko kwana ɗaya. Duk lokacin da na karanta labarin Luis Salas da ya riƙe maganarsa shekara 29 sai in ji kamar da ni ake.

Tun Yulin 2023 ba a yi zaɓe a ƙasar nan ba, patittika ma an rushe su, kuma ina ganin yanzu ne maganar za ta fi shiga kunne tunda ba wanda ke da ɗan takarar da zai kare. Ko ba jima ko ba daɗe za a koma ga akwati, kuma yaran nan na fada su ne za su zauna a kujerar da na zauna, su ne sakatarori su ne wakilai. In suka shiga da tunanin kowa yana yi to an gama. A Alice ba a rumfa aka yi satar ba, an yi ta ne tsakanin rufe akwati da faɗin sakamako, kwana shida takarda tana hannun mutane 'yan kaɗan a ɗaki kulle. Don haka ni abin da zan roƙa ba mai tsada ba ne, a ƙirga gaban jama'a, a ba kowane wakili kwafinsa da sa hannu, a manna ɗaya a ƙofar aji tun daren kowa ya ɗauka a waya, yau waya tana aljihun kowa abin da lauyoyin Stevenson ba su da shi suka koma haddar sunaye. Kuma wakili kada ya zama ɗan garin da ake iya yi wa kallo ɗaya ya sunkuyar da kai. Sai babban aikin da ba na ranar zaɓe ba, wato rubuta haihuwa da mutuwa. Muna binne mutum da safe mu yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in amma ba mai zuwa ya sa a cire sunansa daga rajista, sunan yana nan yana jiran mai bik. Wannan laifinmu ne mu iyalai kafin ya zama na kowa, ni kaina sai da mahaifina ya shekara biyu da rasuwa na je na karɓi takardar.

Malam Edita in da hali a buga wasiƙar nan tare da hoton akwatin, don masu karatu su ga fuskokin mutanen da ke murmushi a jikin motar. Ɗan ƙanwata kuma na san yana karanta jaridar nan a waya. Ɗana, labarin tsohuwar nan ban taɓa ba mahaifiyarka ba, ban taɓa ba kowa a gida ba, a nan za ka fara jin sa. Bayan shekara biyu da zaɓen na tambayi wani ɗan rugarsu da ya zo cin kasuwa ya ce mini ta rasu da damina, ban samu na roƙe ta gafara ba. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan biyo ta fadarku bayan la'asar, ka tara mini abokan naka, zan zauna wannan karon.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
unguwar Birni, Damagaram.